Shaidar Kwamfuta: Yadda Aka Ɗaure Masu Gaskiya a Birtaniya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

 Yau Birtaniya muka nufa, kuma maganarmu a kan amanar da ke wuyan masu rubuta manhajar kwamfuta ce.

Ranar 11 ga watan Nuwamban 2010, wata mata mai suna Seema Misra ta tsaya gaban alƙali a Ingila tana ɗauke da cikin wata biyu. A ranar ne ɗanta na fari ya cika shekara 10. Aka yanke mata ɗaurin wata 15 bisa zargin satar sama da fam 74,000 daga ƙaramin gidan wayar da take riƙe da shi a garin West Byfleet. Nan take ta yanke jiki ta faɗi. Babu wanda ya ce ya ga ta ɗauki ko sisi. Abin da aka dogara da shi lissafin kwamfuta ne, lissafin wata manhaja da ake kira Horizon.

A Birtaniya, yawancin ƙananan gidajen waya ba ma'aikatan gwamnati ke riƙe da su ba. Masu shaguna ne suke ƙulla yarjejeniya da Hukumar Gidan Waya, su ware lungu guda a shagon suna sayar da kan sarki, suna biyan tsofaffi kuɗin fansho. Wanda ya san mai POS na bakin layinsu ya fahimci irin aikin. Sai dai hukumar ta riƙe cewa duk giɓin da lissafi ya nuna, wakili, wato mai shagon, shi ne zai cike daga aljihunsa.

A 1999 aka fara kafa Horizon a rassan hukumar. Kamfanin ICL ne ya rubuta ta, wanda yake ƙarƙashin Fujitsu na Japan. Daga nan giɓi ya soma ɓullowa inda a da babu. Mutum zai ƙirga kuɗin aljihun teburinsa sau uku ya tarar daidai suke, amma allon kwamfuta ya ce saura fam dubu biyu. Wasu suka ci bashi suka cike, wasu suka jinginar da gidajensu. Waɗanda suka rasa yadda za su yi suka sa hannu a kan lissafin da suka san ba daidai ba ne, don kawai su iya buɗe shago washegari, aka kuma kama su da laifin yin lissafin ƙarya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900, kuma fiye da 200 sun shiga gidan yari.

(Gajeren kiɗa)

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. A 1998, kafin a baza manhajar a rassan ƙasar, an ɗora wa wani injiniya mai suna David McDonnell aikin duba ɓangaren da ke karɓar cinikin kanti. Shi da abokin aikinsa suka rubuta rahoto cewa aikin ba shi da inganci, ya kuma ba da shawarar a sake rubuta ɓangaren lissafin kuɗi daga tushe. Ba a yi ba. Shekaru 24 bayan haka, a gaban kwamitin binciken da aka kafa kan wannan al'amari, ya bayyana cewa cikin mutum takwas da ke rubuta wannan ɓangare, biyu ne ƙwararru na gaske, wasu biyu na tsaka-tsaki, sauran kuwa ba su kai su rubuta manhajar da za a kira aikin ƙwararru ba.

Ga misalin irin lahanin da ke ciki. A wani ƙauye na Sikotlan da ake kira Dalmellington, wakiliya tana shigar da fam 8,000 da ta kai ƙaramin reshenta, sai allo ya tsaya cak. Ta sake danna maɓalli, ta sake, kamar yadda kowannenmu zai yi. Ashe duk dannawa manhajar tana rubuta sabon fam 8,000. Sau huɗu ta rubuta. Aka wayi gari da giɓin fam 24,000, kuɗin da ba su taɓa wanzuwa ba balle su ɓata.

Ni dai a nawa ganin, mai sauraro, wannan lahani ba shi ne babban laifin ba. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san babu wadda ke fita ba tare da tangarɗa ba, balle mai girman Horizon da ke aiki a dubban rassa. Kuskure ɗan Adam aka sani da shi. Laifin yana ga abin da aka yi bayan an san da kuskuren. Fujitsu na da kundin da yake rubuta sanannun matsalolin manhajar, ma'aikatansa suna gani kullum. Amma wakilin da ya buga waya neman taimako, abin da ake yawan faɗa masa shi ne shi kaɗai ke da wannan matsala. Ka ɗauka kai ne, kana zaune cikin dare da takardu a gabanka, an ce duk ƙasar kai kaɗai lissafinka ke karkacewa. Wasu sun zargi ma'aikatansu, wasu sun zargi iyalinsu, wasu har kansu suka fara zargi.

Akwai kuma batun shiga daga nesa. Shekara da shekaru Hukumar Gidan Waya tana cewa babu mai iya taɓa lissafin reshe sai wakilin da ke riƙe da shi. Richard Roll, wanda ya yi aiki a cibiyar Fujitsu da ke Bracknell daga 2001 zuwa 2004, shi ya fito a shirin Panorama na BBC a 2015 ya ce ba haka ba ne, injiniyoyi na iya shiga su sauya alƙaluma ba tare da wakili ya sani ba. Daga baya ya maimaita hakan a kotu. Mutane da yawa sun zauna a wannan cibiya, sun san abin da ya sani. Shi ne ya buɗe baki.

Mu koma kan Seema Misra. A shari'arta, babban injiniyan Fujitsu Gareth Jenkins ne ya ba da shaida a matsayin masani. Kwanaki kaɗan kafin a fara zaman, ma'aikatan hukumar da na Fujitsu sun tattauna wani lahani da ya shafi rassa kusan 40 a sabon samfurin manhajar, har aka rubuta cewa bayyanarsa na iya shafar shari'o'in da ake yi. Lauyoyin da ke kare ta ba su ji labarin ba. A 2013 wani lauya, Simon Clarke, ya rubuta wa hukumar cewa Jenkins bai bayyana matsalolin da ya sani ba a shari'o'i da dama, don haka ba za a sake dogara da shaidarsa ba. Wannan takarda ma sai a 2020 ta fito fili. Da Jenkins ya bayyana gaban kwamitin bincike a 2024, ya ce ba a fahimtar da shi nauyin da ke kan masanin da ke ba kotu shaida ba, ya kuma ba Misra haƙuri.

Abin da ya ƙara wa shirun injiniya nauyi shi ne doka. A 1999 Birtaniya ta soke tanadin da ke tilasta wa mai gabatar da ƙara ya nuna cewa kwamfuta na aiki daidai. Tun daga lokacin, kotu na ɗaukar lissafin na'ura a matsayin sahihi sai in wanda ake tuhuma ya kawo hujjar akasin haka. To ina mai shago zai samo wannan hujja, alhali kundin matsalolin yana hannun kamfani? Alƙali bai san cikin manhaja ba, lauya bai sani ba. Wanda ya rubuta ta kaɗai ya sani. Ƙungiyoyin masu wannan sana'a, irin su ACM da IEEE, sun fitar da ƙa'idar aiki a 1999, shekarar da Horizon ta fara aiki, kuma abin da suka sa a farko shi ne maslahar jama'a, tare da wajibcin sanar da duk wani haɗari da manhaja ke iya jawowa. Amma likita ko lauya ana iya ƙwace lasinsa, mai rubuta manhaja kuwa a yawancin ƙasashe babu lasin da za a ƙwace. Abin da zai tsare shi sai tsoron Allah da mutuncin kansa.

(Gajeren kiɗa)

Alan Bates, wanda aka karɓe masa reshensa a Llandudno a 2003 saboda ya ƙi amincewa da giɓin da bai yarda da shi ba, shi ya tara waɗanda abin ya shafa a ɗakin taron ƙauyen Fenny Compton a 2009. A nan kowa ya gane ba shi kaɗai ba ne. Daga baya wakilai 555 suka shigar da ƙara, kuma a Disambar 2019 Mai Shari'a Fraser ya tabbatar da cewa manhajar na ɗauke da lahani iri-iri, kuma ana iya shiga lissafin reshe daga nesa. An sasanta a kan kusan fam miliyan 58, amma kuɗin shari'a ya lashe mafi yawansu. A 2024, bayan wani wasan kwaikwayo na tashar ITV ya tayar da hankalin jama'a, majalisa ta yi dokar da ta wanke mafi yawan waɗanda aka yanke wa hukunci. Kashin farko na rahoton ƙarshe da Sir Wyn Williams, shugaban kwamitin binciken, ya fitar a Yulin 2025 ya nuna cewa aƙalla mutum 13 ne ake ganin sun kashe kansu sanadiyyar wannan al'amari.

Seema Misra ta yi wata huɗu da 'yan kai a kurkuku, ta haifi ɗanta na biyu da na'urar sa ido ɗaure a ƙafarta. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta a Afrilun 2021, tare da wasu mutum 38. A lokacin, yaron da ta shiga gidan yari da cikinsa yana dab da cika shekara 10.

(Kiɗan rufe shiri)