Ƙafar bisa a tukunyar wake

Ran kasuwa, a Tasawa ko Mirya ko Madawa, mahauta suna ajiye tsoka a kan tebur, kai da ƙafa kuma a gefe guda. Tsoka tana da tsada. Magidanci mai iyali goma ba kullum yake iya sayen kilo ba. Ƙafar saniya, ko ƙafafun tunkiya da na akuya, sun fi araha nesa. Mutane da yawa sun san su a langaɓu kawai, a ci da safe a tashi. Amma ƙafa guda, in an san aikinta, tana iya gyara tukunyar wake ta gida duka.

Ƙafa ba ta da tsoka sosai. Abin da ke gare ta shi ne fata, da jijiya, da guringuntsi, da ƙashi mai ɓargo. Waɗannan suna da tauri, shi ya sa ba a gasa su kamar tsire. In sun daɗe cikin ruwan zafi, sai jijiya da fata su saki, su narke, su ba ruwan wani danƙo. Wannan danƙo shi ne ke sa romo ya yi kauri har ya riƙa kama leɓe. Lokacin ɗari, in romon ya huce, sai a iske ya daskare yana rawa cikin kwano. Ba lalacewa ya yi ba, alama ce ta dahuwa ta kai. A Turai da Amurka, waɗanda suke cin alade suna dafa wake da ƙaurinsa da aka yi wa gishiri da hayaƙi. Musulmi ba ya cin wannan, kuma ba ya bukatarsa: ƙafar bisa ta halal tana yin aikin.

Saye da gyara

A sayi ƙafa ta yankan ranar, wurin mahaucin da malamin dabbobi yake duba namansa. Wadda take wari, ko take da miki tsakanin kofato, a bar ta. A roƙi mahauci ya raba ta a gaɓa. In ya sassara ta da gatari, ƙashi yana tsagewa, tsinin ya ɓuya cikin miya, yaro ya haɗiye.

Babbaka kuwa a yi ta da kara ko da ice. Wasu suna yi da tsohuwar taya ko leda don wutar ta fi ci. Wannan mugun aiki ne. Hayaƙin taya yana da dafi, yana kama fata, wanki ba ya fid da shi duka. Bayan babbaka a kankare da wuƙa, a tsoma cikin ruwan zafi a cire kofato, a wanke sau biyu ko uku.

Dahuwa

A sa ƙafa cikin ruwan sanyi, ba cikin tafasasshe ba. Ƙafar saniya guda tana son ruwa kamar litar 5. Da ya fara tafasa, kumfa mai duhu za ta taso. A kwashe ta da ludayi a zubar. Daga nan a janye ice, a rufe tukunya, a bar ta tana ɓararraka a hankali. Babbar wuta ba ta gaggauta narkewar jijiya, ruwa kawai take ƙonewa, ice kuma ya ƙare a banza. Ƙafar saniya takan ci awa 3 zuwa 4, ta tunkiya da ta akuya kamar awa 2. Wannan shi ne aibinta, a ƙasar da mata suke tafiya mai nisa neman ice. Murhu mai kare iska yana rage asara. Mace mai dabara kuma takan ɗora ta da dare bayan an sauke tuwo, garwashi ya yi mata rabin aiki, da asuba ta hura wuta ta sake tafasa ta sosai.

Wake ba ya daɗewa kamar ƙafa. In an zuba su tare, wake zai zama kunu ƙafa ba ta nuna ba. A tsince shi, a wanke, a jiƙa shi tun da wuri, a zubar da ruwan jiƙon. Sai ƙafa ta yi laushi har yatsa yana shiga fatar, sannan a zuba shi. Awa guda ta ishe shi. Rabin tiya da ƙafar saniya guda suna cida mutum goma, in da tuwo ko shinkafa.

Albasa, ko gabu in ba ɗanya, da tafarnuwa, da citta, da daudawa, suna iya shiga tare da wake. Tumatir da yakuwa da tsamiya su jira. Duk abu mai tsami yana hana wake nuna, sai ya yi laushi a sa su. Gishiri da tonka daidai bakin gida, amma a tuna da yara da tsofaffi masu hawan jini.

Sai maganar kanwa. Kowa ya san tana sa wake ya nuna da sauri. Abin da ba kowa ya sani ba, tana kashe wani bitamin da ke cikin wake, wanda likitoci suke kira B1. In an jiƙa wake, kuma ga romo a kan wuta, kanwa ba ta da wani aiki. Wadda ta saba, ta sa ɗan ƙanƙane.

Romo ba ya ƙosar da yaro

Nan ne ake yin kuskure. Ana cewa ƙarfin ƙashi yana fita cikin ruwa, don haka romo ya ishi yaro ko mai jego ko marar lafiya. Masana sun auna romon ƙashi. Sun iske sinadarin da ke gina ƙashin mutum, wato kalsiyom, kaɗan ne ƙwarai ke fita cikinsa, ko da an daɗe ana dafawa. Nono ya fi shi nesa, haka ganyen kuka da na zogale. Danƙon ƙafa ma ba cikakken abin gina jiki ba ne kamar tsoka ko ƙwai.

Cimakar tana cikin wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake abin gina jiki ne. Abin da ya rasa, gero da dawa suna da shi, abin da gero ya rasa kuma wake yana da shi. Aikin ƙafa shi ne ta kawo daɗi da maiƙo, har yaron da yake ƙin wake ya miƙo kwano. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, Nijeriya kaɗai ke gabanta. Abin takaici ne manomi ya sayar da wakensa duka da kaka, a bar ƴaƴansa da hura tsura.

Jariri, daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai. Bayan wata 6 ana iya ba shi wake da aka cire wa ɓawo, a murje shi da ɗan romo ya yi laushi, ba tonka, uwa kuma ta laluba da hannu mai tsabta kada ƙashi ya shiga. Ta ci gaba da ba shi nono.

Romon da ya ragu yana yin miyar kuka ko ta kuɓewa ba tare da an sayi nama ba. Amma da bazara yana lalacewa cikin ƴan awoyi. A rufe shi, kada a sa hannu ciki, a tafasa shi sosai kafin a sake ci. Wanda ya yi tsami ko ya tashi kumfa shi kaɗai, a zubar.

Da Layya ƙafafu suna yawa, gida ba ya iya cinye su rana guda. A babbake su, a wanke, a tsaga, a shafa gishiri, a rataye saman murhu inda hayaƙin ice yake bugunsu har su bushe ƙarau, a kare su daga ƙuda. Ran da za a dafa, a jiƙa ƙafar cikin ruwa tun da safe, a zubar da ruwan. Kada a sa gishiri a tukunyar sai an ɗanɗana.