Yadda Ake Buga Poker a Waya: Dokoki da Dabaru Ga Sabon Shiga

Duk wanda ya taso a Barnawa, Narayi, Kakuri ko Sabon Tasha ya san wasan Whot, inda wanda ya riga kowa ƙarar da katinsa shi ya ci. Poker ya sha bamban da wannan. A nan kana neman haɗa kati biyar da suka fi na kowa ƙarfi, ko kuma ka sa sauran 'yan wasa su janye su bar maka abin da aka tara. Nau'in da za ka fi samu a manhajojin waya irin su Zynga Poker shi ne Texas Hold'em.

Yadda wasan ke tafiya

Ana amfani da kati 52 masu alama huɗu, kowace alama da kati 13: daga 2 zuwa 10, sai J, Q, K da A. Kafin rabo, mutum biyu za su zuba kason dole a tsakiya. Sai a ba kowa kati biyu da shi kaɗai ke gani. Daga nan a buɗe kati uku a tsakiya, a ƙara ɗaya, a sake ƙara ɗaya. Waɗannan biyar na kowa ne, za ka haɗa su da naka ka zaɓi biyar mafi kyau.

Sau huɗu ake zagayen zubi. Maɓallin Check na nufin ka wuce ba ka ƙara komai ba, Call ka biya daidai abin da wani ya zuba, Raise ka ƙara a kai, Fold kuma ka janye. Ka kula da sabis, domin idan ya ɗauke har lokacinka ya ƙare, manhaja na iya janye ka ko da kana riƙe da kati mai kyau.

Jerin ƙarfin kati

Daga ƙasa zuwa sama: kati mafi girma shi kaɗai, biyu masu lamba ɗaya, irin waɗannan biyun kashi biyu, uku masu lamba ɗaya, biyar a jere kamar 5, 6, 7, 8, 9, biyar masu alama ɗaya, uku haɗe da biyu, huɗu masu lamba ɗaya, sai biyar a jere kuma masu alama ɗaya.

Dabaru huɗu

Na farko, ka koyi janyewa. Kuskuren sabon shiga shi ne buga duk katin da aka ba shi. Sau ɗaya cikin 17 ake samun kati biyu masu lamba ɗaya a hannu, A biyu kuwa sau ɗaya cikin 221. Mafi yawan rabo ba abin shiga ba ne.

Na biyu, ka duba mazauninka. Wanda ke yanke shawara a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, don haka zai iya shiga da katin da na farko ya kamata ya ajiye.

Na uku, lissafi. A ce bayan an buɗe ukun farko kana da kati huɗu masu alama ɗaya. Saura tara na wannan alamar cikin 47 da ba ka gani ba, wato damar kusan kashi 19 cikin ɗari a kati na gaba. Idan akwai 1,000 a tsakiya kuma 200 za ka biya, shiga ya yi daidai. Idan 500 ne, ka haƙura.

Na huɗu, kada ka yawaita burga, wato zubi mai yawa da kati maras ƙarfi. A teburin kyauta mutane ba sa tsoron asara, za su biyo ka har ƙarshe.

Inda kuɗinka ke shiga hatsari

Kuɗin wasa na Zynga Poker ba a cire su zuwa banki, amma idan sun ƙare za a yi maka tallar saye da kuɗin gaske. Ka shiga saitin Play Store ka kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye.

Shafukan da ake zuba kuɗin gaske kuwa caca ce kai tsaye. Musulunci ya haramta ta, malaman coci da dama na gargaɗi a kanta, kuma ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ya shiga ba. Ban da haka, shafin na cire kasonsa daga abin da aka tara, shi ya sa 'yan wasa masu matsakaicin iyawa ke ƙarewa da asara.

Masu talla na son labarin Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbi ta intanet ya ci dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas, Amurka, a 2003. Mutum 839 ne suka shiga gasar, kujera ɗaya dala 10,000, kuma akasarinsu hannu rabbana suka koma gida. Idan lissafin wasan ne ya burge ka, teburin kyauta ya ishe ka koyo, data kawai zai ci maka.