Salisu Yusuf: Daga Tsakiyar Fili Zuwa Kujerar Koci

A filin ƙwallon Masanawa da yamma, ko a gidajen kallon Gwarzo da Kabo, tambayi yara goma burinsu, kusan duka za su ce maka su zama kamar Ahmed Musa. Da wuya ka ji wanda ya ce yana son zama koci. Alhali ƙafar ɗan wasa kan fara gajiya da zarar ya haura shekara 30, shi kuwa koci yakan kai furfura yana cin abinci da ƙwallo.

Salisu Yusuf haifaffen Zariya ne. Ya yi wasa a matsayin ɗan tsakiya a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Bai yi suna a Turai ba. Da ya rataye takalmi sai ya bi hanyar da ba ta da kyalkyali: mataimaki yau, babban koci gobe, daga wannan kulob zuwa wancan. Ya horar da Kano Pillars, Sai Masu Gida, ya kuma kai Enyimba ta Aba ga kofin ƙalubale a 2013. Bahaushe ya je ƙasar Ibo ya ɗaga kofi, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san zafin 'yan kallon Aba.

A 2016, lokacin da Super Eagles ba ta da koci na dindindin, shi aka ba riƙo, ya ci Mali da Luksambok a wasannin sada zumunta. Da aka ɗauko Bajamushe Gernot Rohr, sai ya zama na hannun damansa.

Babbar jarrabawarsa ta zo a farkon 2018 a Maroko, a gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke buga lig ɗin gida kaɗai ke shiga. A nan ba a gayyato taurari daga Ingila ko Italiya. Da irin su Rabi'u Ali na Pillars za ka yi tuwonka. Najeriya ta fara da canjaras da Ruwanda, mutane suka soma gunaguni. Daga nan ta doke Libiya da Ikwatoriyal Gini, ta fitar da Angola bayan ƙarin lokaci, ta ci Sudan ɗaya da nema. Karo na farko ke nan da Najeriya ta kai wasan ƙarshe na gasar. A Kasabalanka kuwa, ranar 4 ga Fabrairu, masu masauki suka zura mana huɗu ba ko ɗaya, aka kuma ba ɗan wasanmu jan kati. Duka ne mai ciwo, amma a ganina azurfar nan ta fi ƙarfin raini. Ko Gareth Southgate na Ingila, wanda ya ɓarar da fenareti a 1996 kafin ya zama koci, sau biyu yana kai ƙasarsa wasan ƙarshe na kofin Turai yana dawowa hannu rabbana.

Abin da ya girgiza shi ba a fili ya faru ba. A watan Yulin 2018 BBC ta nuna bidiyon ɗan jaridar Gana, Anas Aremeyaw Anas, inda aka ga Salisu yana karɓar kuɗi daga wasu da suka yi shigar wakilan 'yan wasa, suna neman a saka yara biyu a tawagar CHAN. Shi ya ce kyauta ce ba cin hanci ba, kuma cancanta ce ta shigar da yaran. Kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ya duba lamarin ya dakatar da shi shekara ɗaya, tare da tarar dala 5,000. Ku lura, kuɗin da aka ce ya karɓa dala 1,000 ne. Dokar ɗa'a ta hana koci karɓar kuɗi daga mai neman alfarma a wurinsa, ko da bai sauya jerin sunayen ba, domin yaron da aka bari a gida ba zai taɓa yarda cewa ƙafarsa ce ta gaza ba.

Da wa'adin ya cika ya koma bakin aiki. Ya horar da Rangers ta Inugu, sannan a ƙarshen 2021 NFF ta mayar da shi cikin masu horar da Super Eagles, matakin da masu sharhi suka yi ja-in-ja a kansa.