Jarin mata a kasuwar Malanville: ranar biya ba ta jiran a buɗe gada

Duk wanda ya shiga kasuwar Malanville a ƙarshen mako ya san masu riƙe da ita. Manyan sito da kamiyoyi na maza ne, amma daga layin albasa zuwa na kifi banda, man gyaɗa, tattasai da shinkafar gumi, mata ne zaune: Dendawa, Hausawa, Zabarmawa, Fulani, ga kuma matan kudu masu hauro da doya da garin rogo. Ana cewa in ka cire Dantokpa ta Kwatano, babu kasuwar da ta kai ta girma a Benin. Dalilin a fili yake. Gaya ta Nijar tana tsallaken kogin Isa, gada ɗaya ce tsakani, Najeriya kuma ba nisa.

Ni malamin firamare ne a garin nan, kuma aikinmu bai tsaya a allo ba. Takardun bashi da Faransanci ake rubuta su, don haka iyayen yara kan tare ni bayan an tashi, su ce, "Mushe, duba mini wannan, nawa suka ce zan mayar?" Yawan karanta irin waɗannan takardu ya nuna mini abu ɗaya. Kuɗin da ake ba mata suna da amfani, amma an yanka su ne a kan kalandar ofis, alhali kasuwarmu tana tafiya ne da kaka da bazara, da cikar kogi, da buɗe iyaka da rufe ta.

Kafin a zo nan, me ke fitar da mace neman na kanta? A addini da al'ada, ci da sha da sutura suna wuyan miji, abin da mace ta samu kuwa nata ne. A aikace, maigida ya kawo hatsi ya ajiye kuɗin cefane da ba su kai ba, ita ce mai cikawa. Ita ce mai sayen kakin makaranta in ya yage, ita ce mai tara kayan ɗakin 'yarta tun yarinyar tana aji uku, ita ce mai kai gudummawar biki da suna, wadda in ba ta kai ba ranar nata ba za ta ga kowa ba. Akwai zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu suka bar musu yara. Akwai kuma abin da suka fi faɗa in hira ta yi nisa: mace ba ta son ta miƙa hannu a kan kuɗin sabulu.

Jarin farko ba daga banki yake zuwa ba. Sadaki ne, ko tunkiyar da uwa ta ba 'yarta, ko 'yan kunne da aka sayar. Sai adashe. Mutum goma ko ashirin su yi zubi duk ranar kasuwa, uwar adashe ta haɗa, ɗaya ta kwasa. Abin da ya sa adashe bai mutu ba duk da zuwan asusun bashi iri-iri shi ne yana da kunne. Wadda ɗanta ke kwance asibiti za ta roƙi a ba ta kwasar wannan mako, wadda ke kan layi ta haƙura. Bayan adashe akwai sari a kan amana: Alhaji mai sito ya ba ta buhu biyu da safe, ta biya in kasuwa ta tashi. Ba takarda, ba sa hannu. Sai dai farashin da zai yanka mata ya fi na mai kuɗi a hannu, kuma ranar da ta saɓa, ƙofar ta rufe.

Gwamnati ta shigo wannan fage tun 2007, zamanin Boni Yayi, da bashin marasa ƙarfi na jika 30 na sefa. A 2020 gwamnatin Patrice Talon ta kawo wanda ake kira Alafia, daga jika 30 zuwa 50, kuɗin ruwa kashi 4 cikin 100 a wata shida, daga baya aka ɗaga shi zuwa jika 100. A gaskiya an yi gyara. Kuɗin yana shiga salular mace kai tsaye, ba ya bi ta hannun wani mai cewa a ba shi na goro. Mai ƙosai, mai awara, mai ƙuli-ƙuli, waɗanda jarinsu ke juyawa kullum, wannan bashi ya yi musu daidai, kuma na san gidajen da ya tayar.

Matsalar tana ga wadda ribarta ke cikin jira. Ɗauki albasa. Lokacin da aka cire ta, wajen watan Maris da Afrilu, tana zube a ƙasa, arha kamar banza. Bayan 'yan watanni, in ta yi wuya, farashin buhu ya tashi sosai. Haka shinkafa: mai gumi tana son ta sayi shanshera da yawa lokacin girbi a fadamar noman rani, ta riƙa turarawa tana shanyawa tana kai wa inji sannu a hankali. Amma takardar bashi ta ce a fara biya tun kayan ba su yi daraja ba. To da me za ta biya? Sai ta fitar da buhun ta sayar a farashin kaka. Wa zai saya? Mai sito, wanda ke da wurin ajiya kuma babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa ƙarshen wata. Ita ta ɗauki bashin, shi ya ci ribar jiran.

Wadda kasuwancinta ya wuce jika 100 kuwa, sai ta nufi asusun ajiya da bashi irin su CLCAM, ko banki. A nan za a nemi ta buɗe ajiya, ta kawo mai tsaya mata, in kuɗin da yawa ta kawo jingina. Dokar yankin sefa, tun 2014, ta yarda wa ƙananan asusun bashi su kai kashi 24 cikin 100 a shekara. Jinginar da aka fi so kuma takardar fili ce ko ta gida. A nan dole mu maza mu kalli kanmu. Addini ya yanka wa mace rabonta na gado, amma sau nawa aka raba gona aka ce kason Ladi "yana hannun yayanta"? Shekara ashirin yana hannun yaya, babu takarda da sunanta. Ranar da ta je neman jari, a idon ma'aikacin asusu ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa.

Akwai kuma waɗanda ko an sauƙaƙa ba za su karɓa ba, saboda kuɗin ruwa. Wata dattijuwa mai sayar da kayan yaji ta ce mini, "Ɗana, in ci riba in bar wa jikokina wuta? A bar ni da ɗan tirena." Ba jahilci ba ne, matsayi ne, kuma mata da yawa a unguwanninmu suna kansa. Babban bankin yankin, BCEAO, ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci a 2018, a Najeriya kuma bankin Jaiz yana aiki tun 2012. Tsarin ba baƙo ba ne ga 'yar kasuwa: a saya mata kaya, a sayar mata da ƙarin da aka sani tun farko, ta biya a lokacin da aka yi alkawari. Kusan abin da take yi da mai sito ke nan, sai dai a can shi kaɗai ke yanka farashi.

Duk wannan ana lallaɓawa da shi har ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai. Ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gada. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Garin da ya saba da rurin kamiyoyi dare da rana ya yi tsit. Masu tuwo da shinkafa da ke ciyar da direbobi da 'yan kamasho suka rasa masu ci. Mazan da ke dako da aikin fito suka zauna, nauyin gida ya koma kan tiren matar. Mai kai kaya Gaya ta koma kwale-kwale, kuma kowane taku da kuɗinsa: ɗan kabu-kabu zuwa bakin ruwa, ɗan dako, mai jirgi, wani ɗan dakon a wancan gefe, ban da abin da ake bayarwa a hanya wanda ba a ba da rasit. Ga faɗuwar naira a wannan shekarar, wadda ta sa masu saye daga Kebbi suka ga kayan sefa sun yi musu tsada. Dama ba a gama farfaɗowa daga rufe iyakar Najeriya ta 2019 ba.

Ranar biya ita kaɗai ce ba ta motsa ba. Kuma da yake yawancin ƙananan basussukan nan a rukuni ake ba da su, kowace tana tsaya wa 'yar uwarta, in ɗaya ta gaza sauran ne za su biya. Maƙwabciyar da kuke aron turmi ta zama mai bin ki bashi. Na san wata mai kifi banda da ta karɓi bashi a asusu na biyu don ta rufe na farko, ta kwashi adashe ta rufe na biyu, a ƙarshe ta sayar da tunkiyar da take kiwo don Layya tun watanni uku kafin Sallah. Ba ta ci kuɗin kowa ba, sunanta fes a kowane littafi. Jari ne dai babu.

Masu cewa mata su daina ɓoye kuɗi a tumaki da kwanuka su kai ajiya, su tuna abin da mutanen ƙasar nan suka gani. A 2010 kamfanin ICC Services ya rushe da ajiyar dubban mutane, biliyoyin sefa suka salwanta. A 2022 gwamnati ta hana zubin shekara da ake kira adogbe, saboda masu tarawa da ke gudu da kuɗin jama'a gab da ƙarshen shekara. Mace da ta ji waɗannan labarai, in ta zaɓi tunkiyar da take gani ɗaure a tsakar gida, ba za ka ce ba ta yi lissafi ba.

In ka zauna da su, abin da suke nema ba ya da tsawo. A ba su wata uku ko huɗu kafin a fara biya, ga masu albasa da shinkafa. A sa ranar biya bayan kasuwa ta ci, ba kafin ta ba. A samu sito na haɗin gwiwa inda buhun da ta ajiye zai tsaya a matsayin jingina. In aka rufe iyaka ko kogi ya cika ya cinye fadama, kamar yadda yakan yi mana da Karimama a ƙarshen damina, a ɗaga wa'adi ba tare da tara ba.

Mu a makaranta, a littafin kiran suna muke ganin ƙarshen lissafin. Makon da biya ya gabato, kujerun 'yan mata ne ke zama wayam ranar Juma'a, domin uwa ba ta da kuɗin ɗaukar mai taya ta, sai 'yarta ta ɗauki tire. Na je gidan wata daga cikinsu, yarinya mai kaifin lissafi da ke shirin jarrabawar gama firamare. Uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Mushe, na ji. Saura biya biyu. In na gama, ko Asabar ka ce ta zo, za ta zo."