Me Ya Sa Blender Ke Daskarewa a Kwamfutarka?

Ƙanena a nan Musawa ya sayar da masararsa, ya sayi laptop na hannu don koyon zanen gidaje na 3D a Blender. Tambarin Core i7 kawai ya gani ya biya. Yana juya ginin a tagar aiki, sai hoton ya riƙa tsalle kamar bidiyo inda babu sabis.

Juya zane aikin katin hoto ne, wato GPU. Nasa haɗe yake da furosesa, ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake aro. Ga shi ya ɗora Subdivision, wanda kowane matakinsa ke ninka fuskokin zane sau huɗu: fuska 10,000 ta koma 640,000 a mataki na 3.

Zafin Afrilu ma ya taimaka. Laptop idan ya ɗau zafi yana rage gudu da kansa, haka ma idan an ɗauke wuta ya koma batir.

Mun koma yanayin Solid, muka kunna Simplify, muka ɗaga shi kan katako don iska ta shiga. Yanzu yana juyawa, amma Material Preview har yau sai da haƙuri. Kafin ka biya, buɗe Task Manager ka duba sunan GPU.