Masu rabon kuɗin agajin gaggawa: aikin da ba a gani, da dalilin da ya sa taimako ke makara

A watan Mayun 2005, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 domin tallafa wa Nijar. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta bi ta kan abin da ya rage a gonaki, kuma tun watanni kafin nan ƙwararru suke ta gargaɗin cewa abin da ke cikin rumbuna ba zai kai mutane kaka ba. Kira ya tafi, amma ƙasashe masu hannu da shuni suka yi gum, abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Sai a watan Yuli, da talabijin ɗin BBC ya nuna wa duniya yaran da tamowa ta kama a Maraɗi, sannan kuɗi ya fara kwararowa. Kafin ƙarshen Agusta abin da ake nema ya haura dala miliyan 80. A wannan shekara, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu fama da matsananciyar tamowa a ƙasar.

Ƙasa ɗaya ce, shekara ɗaya, amma miliyan 16 ta koma 80 cikin wata uku. Yaron da a watan Mayu hatsi kawai yake buƙata, a watan Agusta gadon likita yake buƙata. To wannan tazara da ke tsakanin ranar da aka gane akwai matsala da ranar da kuɗi ya iso, ita ce fagen aikin wasu ma'aikata da talaka bai cika ganinsu ba. Su ne masu tsara neman kuɗin agaji, da bin sawunsa, da raba shi.

Ofishin da ba ya raba ko tiya ɗaya

Idan aka ce agaji, abin da yawancinmu muka sani shi ne fararen motoci kat-kat, da buhuna masu tambari, da layin mata a bakin gidan mai gari. Sunayen PAM da HCR da UNICEF ba baƙi ba ne a Diffa ko Tilaberi. Amma akwai wani ofis na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira OCHA, wanda ba ya gina rijiya, ba ya raba ko tiya ɗaya ta hatsi. Aikinsa shi ne daidaita masu aikin, da haɗa lissafin abin da ake buƙata, da tsayawa gaban masu bayarwa.

Tushen wannan tsari wani ƙuduri ne mai lamba 46/182 da babban zauren Majalisar ya amince da shi a watan Disambar 1991, bayan ruɗanin da aka gani wajen taimakon Kurdawan Iraƙi. Ƙudurin ya samar da muƙamin babban jami'in daidaita agajin gaggawa, ya kuma fayyace cewa ana ba da agaji ne da yardar ƙasar da abin ya shafa, kuma ita ce ke da alhakin farko na kula da mutanenta. An sa wa ofishin sunan OCHA a 1998. Yana da manyan cibiyoyi biyu, ɗaya a New York ɗaya a Janiba, da ofishin yanki a Dakar mai kula da Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Tun ƙarshen 2024 Tom Fletcher, ɗan Ingila, ke jagorancinsa.

Yadda ake haɗa lissafin

Kafin a nemi ko sisi, sai an amsa tambaya uku: mutum nawa ne ke cikin matsi, a ina suke, kuma me zai ci a kai musu ɗauki? A yankin Sahel ana dogaro da wani tsarin awo na ƙungiyar CILSS da ake kira Cadre Harmonisé. Sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma wajen watan Maris, jami'an gwamnati da na ƙungiyoyi kan zauna su duba yawan amfanin gona, da farashin hatsi da na dabbobi a kasuwanni, da awon damtsen yara, su sa kowane yanki a ɗaya daga matakai biyar. Daga mataki na uku zuwa sama ne ake cewa mutane na buƙatar taimakon gaggawa.

Daga nan sai aikin ya koma hannun rukunoni. Tun gyaran fuskar da aka yi a 2005, kowane fanni na da jagoransa: PAM da FAO a kan cimaka, UNICEF a kan tamowa da ruwan sha, OMS a kan lafiya, HCR a kan kariya. Kowane rukuni ya kawo nasa lissafi, a haɗa su a takarda guda ta ƙasa. A watan Disamba kuma sai a tattara na dukan ƙasashe a gabatar wa duniya. Na shekarar 2025 ya nemi dala biliyan 47 domin mutum miliyan 190, daga cikin miliyan 305 da aka ƙiyasta suna cikin buƙata. Kun ga ke nan tun a kan takarda, kafin a samu ko dala ɗaya, an riga an ajiye mutum sama da miliyan 100 a gefe.

Alƙawari daban, kuɗi a hannu daban

Mai sauraron rediyo kan ji an ce an tara miliyoyin dala a taron ƙasa da ƙasa, sai ya yi ta mamakin inda kuɗin ya shige. An yi irin wannan taro domin yankin tafkin Cadi a Oslo a 2017, aka yi alƙawarin dala miliyan 672. Aka sake yi a Balin a 2018, alƙawari ya haura biliyan 2. Na uku a Yamai aka yi shi, a watan Janairun 2023, inda aka yi alƙawarin sama da miliyan 500.

Sai dai masu wannan aiki sun raba kuɗi gida uku. Akwai alƙawarin baki, wanda minista ya furta a gaban taro. Akwai wanda aka sa wa hannu a yarjejeniya. Akwai kuma wanda ya shiga asusu da gaske. Tsakanin na farko da na uku ana iya ɗaukar watanni, wani alƙawarin ma na shekara biyu ne ko uku, wani kuma tsohon kuɗi ne aka sake ambata. OCHA na da wani rumbun bayanai a intanet mai suna FTS da ke nuna wa ya ba da nawa, ga wa, a wace ƙasa. A buɗe yake, kowa na iya shiga ya duba kyauta.

Wata matsalar kuma ita ce kuɗi mai sharaɗi. Mafi yawan masu bayarwa kan ɗaure kuɗinsu: wannan na ƙasa kaza ne, na fanni kaza, ba a taɓa shi a wani wuri. Shi ya sa za a iya samun kuɗin tanti alhali babu na maganin tamowa. Shi ya sa kuma rikicin da kyamara ke kai wa ziyara ya fi samun kulawa. A 2022 Yukuren ta samu mafi yawan abin da aka nema mata, yayin da Burkina Faso da Mali ba su kai rabi ba. Ƙungiyar NRC ta ƙasar Norwe, mai fitar da jerin rikice-rikicen da duniya ta manta da su, ta sa Burkina Faso a kan gaba shekara biyu a jere, sannan Kamaru ta karɓe ta.

Asusun ko-ta-kwana

Abin da ya faru a Nijar a 2005 na daga cikin misalan da Jan Egeland, wanda ke jagorancin OCHA a lokacin, ya riƙa kafa hujja da su cewa bai kamata a jira sai gobara ta tashi sannan a fara yawon neman guga ba. A watan Maris na 2006 aka ƙaddamar da asusun CERF. Ƙasashe kan zuba kuɗi a ciki tun kafin a san inda bala'i zai faɗa, kuma ba tare da sharaɗin ƙasa ba. Yana da ƙofa biyu: ɗaya ta ɗaukin gaggawa, wadda kan saki kuɗi cikin kwanaki ƙalilan, ɗayar kuma ta rikice-rikicen da aka yi watsi da su, wadda ake buɗewa sau biyu a shekara. A 2016 aka tsayar da burin tara dala biliyan 1 kowace shekara, amma har yau ba a taɓa kaiwa ba.

CERF hukumomin Majalisar kawai yake ba kuɗi kai tsaye. Domin ƙungiyoyin ONG su ma su samu, akwai asusun haɗaka na ƙasa-ƙasa. Sudan na da nata tun 2006, Najeriya tun 2017. A 2021 aka buɗe na yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma da Nijar aka fara.

Zama a kan teburin rabo

To shi wanda ke wannan aiki, yaya ranarsa take? Mafi yawa a gaban kwamfuta ne da ɗakin taro. Idan aka ware, a ce, wani kaso domin ambaliya, sai ƙungiyoyi su aiko da takardun neman tallafi waɗanda jimillarsu ta ninka abin da ke hannu. Jami'in zai bi su layi-layi: nawa ne kuɗin mota, nawa ne albashi, nawa zai isa ga mutane? Shin ƙungiya biyu ba ƙauye ɗaya suka nufa ba, alhali na kusa da shi babu kowa? Shin wannan ƙungiya ta taɓa riƙe kuɗi mai yawan haka ta kawo lissafi daidai? Bayan nan kwamitin shawara, wanda ya ƙunshi masu bayarwa da hukumomin Majalisar da ƙungiyoyin waje da na gida, ya duba, sannan babban jami'in agaji na ƙasar ya sa hannu.

Wahalar ba a lissafin take ba, a zaɓin take. Idan kuɗi bai isa ba, dole wani ya yanke hukunci: a ba mutum dubu rabin abinci, ko a ba ɗari biyar cikakke? A gyara rijiyoyi ko a sayi maganin kwalara? Fannin ilimi na daga cikin waɗanda aka fi bari a baya a irin wannan rabo. Mu da ke riƙe da alli mun san abin da hakan ke nufi: ranar da tukunyar kantin ɗin lakwal ta daina tafasa, cikin sati biyu za ka ga benci ya fara zama wayam, musamman layin 'yan mata.

Sannan ga agogo. Ƙasarmu ba ta da teku. Abincin da aka saya a waje sai ya sauka a tashar ruwa, ya hau manyan motoci, ya yi tafiyar makonni, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya ƙara wa hanyar tsawo. Idan ana son hatsi ya kai ƙauye kafin watan Yuni, lokacin da rumbu ya ƙare kuma hanyoyi suka fara cikewa da ruwa, to tun farkon shekara ya kamata kuɗin ya shigo. Somaliya ta nuna abin da jinkiri ke haifarwa: yunwar 2011 ta kashe kimanin mutum dubu 260, kuma kusan rabinsu sun rasu ne tun kafin a ayyana yunwar a hukumance a watan Yuli.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya

Shekarar 2025 ta girgiza wannan tsari gaba ɗaya. A watan Janairu gwamnatin Amurka, wadda ita ce ta fi kowa bayarwa, ta dakatar da tallafin ƙetare, daga baya ta rushe hukumar USAID. Wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. A watan Afrilu OCHA ya sanar da rage kashi 20 cikin 100 na ma'aikatansa, tare da janye jiki daga wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Kamaru. A watan Yuni aka zaftare lissafin duniya daga biliyan 47 zuwa biliyan 29, domin mutum miliyan 114 kacal. Ba wai sauran sun warke ba ne, a'a, an dai cire su ne daga layi. Duk wannan kuwa a daidai lokacin da yaƙin Sudan ke ci gaba da kwararo da dubban mutane zuwa Adre da sauran garuruwan gabashin Cadi.

Abin da ya rage a hannu

Idan kuɗi ya yi ƙaranci, saurinsa ne ke ƙara masa albarka. Akwai wani salo da ake gwadawa na sakin kuɗi kafin bala'i: a amince tun da wuri cewa da zarar ma'aunin ruwan sama ko na kogi ya kai wani mataki, kuɗi ya fita ba sai an sake zaman taro ba. A Bangaladesh a watan Yulin 2020, CERF ya saki dala miliyan 5.2 cikin sa'o'i kaɗan kafin ambaliya ta kai ƙololuwa. An yi amfani da irin wannan tsari a Nijar a daminar 2022 saboda fari. Cibiyar AGRHYMET, wadda ke bin yanayin damina ga dukan yankin, ai a Yamai take.

Sai kuma maganar 'yan gida. A taron Istanbul na 2016 manyan masu bayarwa sun yi alƙawarin cewa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin ƙasa kafin 2020. Wa'adin ya wuce, kuma abin da ke isa gare su kai tsaye bai kai ko kusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ne. Amma mai ɗakin ma sai ya iya ajiye rasit, ya yarda a binciki littafinsa, ya rubuta rahoto a kan lokaci. Nan ne matasanmu da suka karanci akanta, ƙididdiga ko sarrafa bayanai ke da wurin shiga, musamman wanda ya haɗa Faransanci da Ingilishi da harshen mutanen da ake yi wa aikin.

Ga 'yan jarida da 'yan ƙungiyoyin farar hula kuwa, duk lokacin da aka sanar da wani gagarumin alƙawari, tambayar da ta kamata ita ce nawa ne ya shiga asusu, kuma a wane wata. Haka nan ga hukumominmu na cikin gida masu kula da rumbun ƙasa da sayar da hatsi a farashi mai rahusa: buhun da ya isa kasuwar ƙauye a watan Afrilu ya fi uku da suka iso a watan Agusta.