3.2 Tasirin Kafafen Yaɗa Labarai a Kan Ra'ayin Masu Zaɓe a Mazaɓar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa

Waɗannan ƙananan hukumomi uku na shiyyar Funtuwa sun haɗu a mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya. Akasarin mazaunansu manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, don haka rediyo ce kafar da ta fi daɗewa tana isar musu da labarin siyasa. Tun zamanin NPC da NEPU suke sauraron gidan rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a shekarar 1957. Abin lura a nan shi ne, labarin rediyo ba ya zama ra'ayi sai an tattauna shi a majalisa ko teburin mai shayi ko ranar kasuwa, inda maganar dattijo ko malami kan rinjayi ta mai gabatar da shiri.

Bugu da ƙari, waƙa ma kafa ce mai zaman kanta. Mawaƙan siyasa irin su Dauda Kahutu Rarara kan kambama gwaninsu, su yi wa abokin hamayya zambo. Zuwan wayar salula ya sa waƙoƙin da muryoyin 'yan takara suna yawo ta WhatsApp da Facebook, tare da jita-jitar da ba mai tantance ta.

Sai dai tasirin kafafen yana da iyaka, domin abin da mutum ya gani da idonsa ya fi abin da aka faɗa masa. Sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, da hare-haren 'yan bindiga da suka raba manoma da gonakinsu, sun sa tsaro ya zama ma'aunin farko da ake auna ɗan takara da shi.

Zaɓen 2023 ya nuna cewa jam'iyya kaɗai ba ta isa ba. A Jihar Katsina, Atiku Abubakar na PDP ne ya zo na ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa, amma bayan makonni uku Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya lashe kujerar gwamna. Wannan na nuna cewa mai zaɓe kan saurari kowane ɓangare, sannan ya duba mutumin da ke takara da kuma halin da shi kansa yake ciki kafin ya dangwala.